Aikin Bakin Mazurari

Shekarar da aka ce za a gina sabon babban birni, na bar gonarmu a ƙasar Zazzau na taho neman aikin lebura. Lokacin garin da na nufa bai karɓi sunan Suleja ba tukuna. Na sauka a ɗakin wani ɗan ƙauyenmu a unguwar Magajiya, na tarar irina sun cika gari, aikin birnin kuwa ko harsashi ba a haƙa ba. Wuraren da ke ɗaukar mutane ba su da yawa: gidan bulo, injin yankan katako, sai wani injin casar shinkafa a hanyar Diko.

Kullum da hantsi mukan yi cincirindo a ƙofar injin shinkafar, helma, shugaban leburori, ya fito ya duba mu. Akwai waɗanda suka yi wata biyu suna zuwa. Ni a kwana na uku ya nuna ni, ya tambaye ni ko baƙo ne. Da na ce eh, sai ya ce in biyo shi. Ba wanda ya yi mini hassada a cikin masu jira. Wasu ma sunkuyar da kai suka yi.

Aikina shi ne hawa matakalar katako da buhu a kafaɗa, in juye shi cikin mazurari, dab da inda bel ɗin injin ke gudu. A gindin matakalar akwai takalmin roba, ƙafa biyu, ɓuntu ya kusa rufe shi. Mai shara yakan zagaye shi da tsintsiya.

Ranar Laraba, rana tsaka, ina kan mataki na huɗu, sai buhun ya yi sauƙi, kamar wani ya tallafe shi ta baya. Na ce sannu, na waiga. Ba kowa. Na sa a raina gajiya ce. Washegari ya sake faruwa, wannan karon har na ji hucin numfashi a ƙeyata, irin na wanda ya ɗauko kaya.

Da aka kashe inji don sallar Azahar na tambayi abokan aikina. Kowa ya shiga neman butarsa. Wata tsohuwa Bagwariya mai zuwa kwasar ɓuntu ce ta kira ni gefe. Ta ce bara bel ya kama rigar wani lebura a wurin nan ya halaka shi, mutumin kirki, mai taimakon mutane da kaya, takalminsa ne ma a gindin matakalar. Tun daga nan 'yan gari ba sa karɓar matakalar, baƙi ake ba.

"Inna, cutarwa yake yi?" na tambaye ta.

"A'a, ɗana. Taimako yake yi. Amma ran da ka saba, ka sakar masa nauyin, ran nan zai saki."

Na ƙara kwana shida. Ina karanta duk addu'ar da na sani, ina ƙanƙame buhu da hannu biyu, ina jin ana ɗaga shi ina dannewa. Da yamma kafaɗuna har rawa suke. A rana ta shida na lura na hau matakalar da hannu ɗaya, ina ma 'yar waƙa. Na juye buhun, na sauko, na gaya wa helma na bar aiki. Bai tambaye ni dalili ba.

Bayan mako biyu na sami aikin buga bulo a Garam. Safiyar da zan tafi na bi ta ƙofar injin, na ga helma yana magana da wani dogon mutum mai ƙunshin kaya a hammata, da gani saukarsa ke nan daga mota. Mutumin sai murmushi yake. Na tsaya, na buɗe baki zan gargaɗe shi, sai na tuna yadda yunwar makonnin nan biyu ta yi da ni. Motar Garam ta yi oda, na shiga.