Aka Kira Ni Ɗaukar Tarihi Ranar Kasuwar Nano

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya tura ni wani ƙauye kusa da Nano ba. Lokacin ban daɗe da baro Sokode ba, ina gabatar da shirin tarihin garuruwa a wani gidan rediyo a Dapaong. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan, tsarin shi ne gari ya gayyace mu, mu ɗauki muryar dattawa, mu tace, mu watsa. Abin da ya fita a rediyo kuwa, mutanen karkara suna ɗaukarsa tamkar hukuncin alƙali.

Wanda ya gayyace mu wani mutum ne mai suna Lare, ɗan garin da ke zaune a Lome. Shi ya zaɓi ranar, shi ya ɗauko ni a motarsa, shi kuma zai yi mini tafinta da Moba, yaren mutanen garin. Ni kuwa idan hidima ta yi yawa, hankalina ba ya kwanciya. A hanya har ya tambaye ni ko zan ba shi kwafin muryar kafin a watsa.

Da muka isa, na zagaya zango, unguwar Hausawa, in gaida mutanenmu, na tarar ba namiji ko ɗaya. Wata tsohuwa ta ce ai mahauta ne, duk sun tafi kasuwar Nano. Ta rage murya ta gaya mini Lare na neman fadamar bakin rafi inda 'yan zango ke noman shinkafa, wai baƙi ne, ba su da ƙasa. 

Aka kai ni wurin Baba Kombate, tsohon da ke riƙe da ƙasar garin. Lare ya ce tambaya ɗaya ta isa: wa ya fara zama a nan? Na kunna na'ura. Tsoho ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce da Hausar kasuwa, "Ina Garba?"

Lare ya ce Garba na kasuwa, a ci gaba kawai. Tsoho ya ja bakinsa ya tsuke. Wallahi shi ma sai da na zarge shi, na ɗauka da shi aka ƙulla abin, yana jan rai ne kawai. Sai wani maƙwabci ya bayyana mini al'adarsu: a garin nan ba mai ba da tarihin kakansa da bakinsa. Sarkin fawan zango, wato Garba, shi ke faɗin na Moba, mai ƙasa kuma ya faɗi na Hausawa, kowa a gaban ɗan'uwansa. Ashe Lare ya san haka sarai.

Shef ya kira ni a waya, wai an kai ƙarata ina ɓata wa mutane lokaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsoho bai buɗe baki ba, ni kuma ba a koya mini ɗaukar shiru ba." Ya yi tsaki ya kashe.

Bayan la'asar sai ga Garba a kan babur. Ya kwance ƙafar gaba ta saniya ya ajiye gaban tsoho, kamar yadda gidansu ya saba, ya zauna ya kawo yadda kakannin Moba suka sare dajin. Sannan Baba Kombate ya karɓa da Hausa, ba tafinta. Ya ce wani farke, kakan su Garba, ya zo da jakunan goro, ciwo ya kwantar da shi, ayari ya wuce ya bar shi. Ya nuna naman ya ce, "Kakana ya ba shi ƙasa daga gindin kuka har rafi. Mun ci nama, magana ya ƙare."

Lare ya ja ni gefe ya roƙi in yanke wannan wurin. Na ƙi. Ya shiga motarsa ya bar ni tsaye, Garba ne ya goyo ni har Dapaong ina ƙarnin nama. Muka watsa shirin yadda yake, kuma har yanzu 'yan zango ke noma fadamar.

Saboda haka, yaran nan, duk garin da aka gayyace ku, kafin ku kunna na'ura ku tambayi wanda ya zaɓi ranar, ku kuma tambayi wanda ba ya wurin.