Inda Farin Layi Ya Tsinke

Yayana direba ne, yana jan a-kori-kura tsakanin Shagari da Bodinga, albasa yau, gero gobe. Mutum ne mai taurin kai a kan dokar hanya, har abokansa na tasha suna tsokanarsa wai shi ya haifi titin. Karatunsa guda ne: ba a juya mota a kan kwana, ko a kan tudu, ko inda farin layin tsakiya bai tsinke ba.

A shekarun tsuke bakin aljihu na mulkin farar hula, lokacin da asibiti sai gado babu magani, ciwon Inna ya yi tsanani. Muka shimfiɗa mata tabarma a bayan motar, muka nufi Sakkwato. Ina riƙe da kanta a cinyata.

Mun kusa Bodinga ta buɗe ido.

"Ku maishe ni gida," in ji ta. "Ba ni son mutuwa bisa hanya. Ɗakina nika so."

Na daki rufin motar. Yaya ya leƙo, na faɗa masa. Ya ji sarai, amma bai juya ba. Muna kan wata doguwar kwana, layin nan fari ya miƙe ba yankewa.

"Yaya, mi kaka jira? Babu kowa bisa titi!"

"Ba a juyawa nan," ya ce. "Ban ganin abin da ka tahowa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗa masa maganar da ƙane ba ya faɗa wa wansa. Ya ci gaba a hankali har inda hanya ta miƙe, layin ya tsinke. Ya ba da hannu, ya duba gaba da baya, sannan ya karya kan motar.

Inna ta cika muna hangen itatuwan garinmu.

Har yau ban san ko wannan ɗan jinkirin ne ya raba ta da ɗakinta ba. Allah ne masani. Na dai daɗe ina jin zafinsa.

Bayan sadakar uku na tarar da shi zaune cikin motar, hannunsa a kan sitiyari, injin a kashe. Bai ɗago kai ba.

"Ku biyu ne a baya," ya ce. "Na san guda za ni rasawa. Ban iya rasa biyu."