Mai Agogo

Shekarar da muka samu 'yancin kai, wani Bature mai barin Filingue ya sayar wa maigidana tsohuwar motarsa. Kowa ya samu rabonsa na mulki, mu namu ke nan. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma kusa da sitiyari akwai agogo mai farar fuska, yana ƙas-ƙas dare da rana. Daga nan har Yamai aka daina kiran maigidan da sunan yanka, sai Mai Agogo. Sunan nan ya fi masa motar, kuma ina zargin ya fi masa ni.

Ashe agogon batir yake ci. Kullum da safe sai an tura. Da ana ƙoshi, samari na turawa suna dariya. Da fari ya zo, gero ya ƙone a gona, majiya ƙarfi suka tafi cin rani, turi ya dawo kaina da kan maƙwabciyata, ga goyo. Na ji haushi ƙwarai, na kuma faɗa.

Makanike ya ce a cire. Ya kwance kusoshi biyu, ya zaro agogon, ya tsinke wayar da ke bayansa, ya bar rami baki buɗe. Washegari mota ta tashi da kanta. Kafin kasuwa ta sake ci, 'yan tasha sun fara kiransa Mai Rami. Mutumin da yunwa ba ta kayar ba, wannan ya hana shi cin tuwo.

Sai ya koma wajen makanike a ɓoye, aka mayar da agogon mazauninsa ba waya. Duk sa'ad da ladan ya kira salla, sai ya murɗa ɗan maɓallin, ya kai hannuwan inda ya dace. Sunansa ya dawo, har ana cewa gyaran ya ƙara wa agogon gaskiya.

Yabon ya kai kunnen ladan, tsoho wanda idonsa ya fara gajiya da auna inuwa. Wata rana da hantsi ya zo ya zauna gindin motar, ya ce daga yau da agogo zai riƙa kira. Ina kallonsu daga zaure. Shi yana jiran agogo, maigida yana jiran kiransa, ga shi ba damar murɗawa a gaban baƙo. Inuwa ta juya, ta yi tsawo.

"Mai Agogo, azahar ba ta yi ba?"

Na ga gumi a goshin maigida. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana duban agogon.

"Da saura, malam. Wagga rana ta bana ba a biye mata."

Ran nan unguwarmu ta yi azahar dab da la'asar. Dattawa suka ce fari ya rikita har rana, a ƙara istigfari. Maigidana ya fi kowa yi.