Ranar da Umma Ta Cire wa Muntaka Ƙaya

Ummata ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ban taɓa ganin ta cinye abinci ba tare da ta miƙe ta leƙa ƙofa ba. A Karantina, unguwarmu a Jidda, kowa ya san ta da Shatu Mai Kifi. Aikin Hajji ya kawo ta ita da mahaifinmu, da jariri a goye, suka yi zamansu. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, ita kuwa ta kafa kaskon suya a bakin lungu, da shi ta rene mu. Ba ta taɓa mallakar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba, shi ya sa ko kifi take juyawa idonta na kan titi. Da aka rushe Karantina muka koma unguwar Kurayyat abin ya ƙaru. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta gyara labulen da babu abin da ya same shi.

Jaririn nan na goye shi ne yayana Muntaka, kuma tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne. A garinsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. Sai dai ka ji, "Manal, kai wa yayanki," ko kuma, "Wancan ya dawo?" Ita a wurinta kunya ce. To amma mu a Jidda muka tashi, inda uwa ke rungume ƙaton ɗanta a tsakiyar kasuwa tana ya habibi, ya galbi. Yaya ya wuni yana ganin wannan, ya dawo gida a ce masa wancan. Ya taɓa ce mini, yana dariya, wai shi bai tabbata Umma ta san sunansa ba. Dariyar iya leɓe ta tsaya. Na ji haushin Umma ranar, kuma na daɗe ina ji.

Yaya ya yi shekaru yana gyaran kifi a gidan abincin wani ɗan ƙasar Caina musulmi, a ƙauyen masunta da ke arewa da Jidda. Kwatsam kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardu, ya ce halas, ba zai sabunta masa iƙama ba. Dole ya tafi Kano, garin da bai sani ba sai a waya. Umma kuwa in ta fita ba ta da hanyar dawowa, ga ni ga jikokinta a nan. Kowa ya san wataƙila rabuwar ke nan, babu dai wanda ya furta.

Mai gidan abincin ya ce Yaya ya kawo danginsa ranar Juma'a su ci abincin rana na ban kwana. Kawu Dabo, ƙanin Umma, shi ya ja mu a motarsa. Tun daga Kurayyat Umma ke cewa a juya, wai ta ji ana binciken takardu a hanya. Kawu ya ce, "Yaya Shatu, yalla, ki kwantar da hankalinki, yau ko kifi ba ya tambayar iƙama."

Wurin yana bakin ruwa, ga kwale-kwale a ɗaure, ga komar masunta an shanya. Aka zaunar da mu a zagayayyen teburi mai faifan gilashi a tsakiya, wanda ake juyawa abinci ya zo gabanka. Umma ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, nesa da Yaya. Ta tashi wanke hannu. Ta dawo, ta sake tashi leƙen kicin. Aka kawo shinkafa da jatan lande da ƙaguwa da ƙaton kifin hamur da aka turara da citta. Ta dube shi ta taɓe baki.

"Wannan kifin wanka aka yi masa? Ko ƙanshin mai bai ji ba."

Kawu ya yi ta kokawa da 'yan sandunan cin abincinsu, ya gaji, ya naɗe hannun riga. Yaya kuwa shinkafa kawai yake tsakura. Tun da ya fara wannan aiki ƙarni ya fitar masa da kifi daga rai, ko a gida ba ya taɓa shi.

Can sai na ga Umma ta jawo kifin. Ta ɓantari tsokar kumatu, ta shiga cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi mini ina ƙarama, yadda take yi wa 'ya'yana. Shi ba ta taɓa yi masa ba. Ta zuba a ƙaramin faranti, ta ɗora a kan gilashin, ta tura da yatsa tana kallon ƙofa kamar ba ita ba. Na gane nufinta sarai: gilashi ya kai saƙo, ita ta tsira da kunyarta. Raina ya ɓaci. Na ɗora tafin hannuna na tsayar da shi, daidai gaban Kawu. Kawu, da ba ya mayar da abinci, ya miƙa hannu.

"Ba naka ba ne," in ji Umma.

Na ce, "To na wa ne, Umma?"

"Sake shi."

"Muna da yawa a teburin nan. Na wa ne?"

"Manal, ba ki da kunya."

"Ba ni da ita. Jibi zai hau jirgi."

Kawu ya ce in bari, ban bari ba. Umma ta gyara mayafi, ta dubi ƙofa, ta sake gyara mayafin. Ta yunƙura kamar za ta tashi, ta koma ta zauna. Sannan, idonta a kan farantin, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san ta da ita ba, ta ce:

"Muntaka. Ci, kada ya huce."

Na ɗaga hannuna. Gilashin ya zagaya ya kai masa. Yaya bai ɗago kai ba. Ya sa hannu ya cinye kifin nan tas, har romon ya suɗe, hawaye na ɗiga a kan rigarsa. Da ya gama, ya ɗora farantin a kan gilashin ya juya shi ya koma gabanta.

Umma ta jawo kifin ta ci gaba da cire ƙaya. Har muka tashi ba ta ƙara duban ƙofa ba.