Ajiyar Dauda Bayahude

Wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare a Kibiya, na saci jiki na jefa wuƙar kakana a rijiyar gidanmu. Har yau ina jin ƙarar faɗawarta cikin ruwa.

Kakan nawa tsohon soja ne, Baba Soja muke ce masa. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi har Masar, can ya yi aboki, wani Bayahude manomi da shi ma ya shiga soja, wanda yake kira Dauda. Shi Dauda tun yana saurayi ya baro ƙasar haihuwarsa, ya kafa bukka a wani tsandauri, ya yi ta tsince duwatsu da hannu har wurin ya zama lambu. Shi ya koya wa Baba auren bishiya: a yanko reshen mai zaƙi, a tsaga jikin mai tsami, a haɗa a ɗaure. Ana gobe za a tura su Dauda bakin daga, ya ba Baba 'yar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo. Harsashi ya same shi, can aka binne shi.

Da wuƙar nan Baba ya aurar da kusan duk mangwaron unguwarmu. Ni ce mai riƙe masa tsumman ɗauri a garka, in ɗebo ruwa, in kori awaki. Kullum ya gama sai ya goge ta da gefen riga, ya ce, “Ajiya ce, ba tawa ba.”

Bakina ne ya ja min. Muna carafke a gindin darbejiyar makaranta na ba da labarin Dauda ina taƙama. A bakinmu kuwa “Bayahude” zagi ne, sunan marowaci da mugu, alhali ba wadda ta taɓa ganin ko ɗaya. Nan take suka laƙaba min “jikar Bayahude”, suka cire ni daga wasa. Ni kuma ga zuciya kamar ta kuturu, ina dawowa gida na huce a kan wuƙa.

Kwana uku Baba yana nema. Ya kaɗe tabarma, ya zazzage buhunan iri, har rumbu ya sa aka leƙa. Ran na huɗu ya ce, “Uwani, ko kin ga ajiyar Dauda?” Na rantse ban gani ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Allah Ya yafe mini, ban iya riƙon amana ba.” Bayan nan da reza yake aikin, tana yankar masa yatsu.

Yanzu an cike rijiyar, famfo muke sha. Baba ya rasu ban faɗa masa ba. Mangwarorin suna nan, 'ya'yana na sha, ni kuwa kunya ba ta barin in ji zaƙinsu. Laifin nawa ne, amma na bar tsoho yana neman gafara.