Rabon 'Yar Fari

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da auren Inna da Baba ya mutu. Muka kwaso kaya daga Ruwan Godiya muka koma Tafoki, gidan Kawu yayan Inna, ni da ƙannena maza biyu. Inna ba ta da sana'a. Tun da aka kai ta ɗaki aikinta daka ne da tankaɗe da wanki da raino, ko kwandala ba ta shigo mata sai in kazarta ta yi ƙwai. Kawu kuwa da nasa iyalin, rumbunsa ɗaya. Dole maganar ciyar da mu ta taso.

Ni ce 'yar fari, kuma a wajenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba su kiran sunansa, ba su nuna sun damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo sunana a bakin Inna "ke", in ina nesa "waccan yarinyar". Baba ko kallona ba ya yi in da baƙo. Kaka ce ya kamata ta ɗauke ni ta riƙe, ita kuwa ta rasu kafin a yaye ni.

A zauren limamin Tafoki aka zauna. Tsoho ne mai kirki, amma bai san mu ba. Baba na gefe guda, Kawu na gefe guda, Inna ta rakuɓe bakin ƙofa ta ja mayafi har hanci, ni ina kusa da ita riƙe da autanmu. Liman ya ce riƙo na uwa ne, ci da sha da sutura na uba, tunda ita tana ɗaki tana raino. Sai ya tambaye ta:

"Ɗiya nawa ke hannunki?"

Inna ta faɗi sunan ƙanena, ta faɗi sunan auta, ta tsaya nan. Na jira. Kawu ya dubi Baba ko zai gyara. Baba ya dubi yatsun ƙafarsa. Shi Kawu in ya yi magana a ce tun ba a je ko'ina ba ya gaji da ɗiyar ƙanwarsa. Liman, da ya ɗauka ni ɗiyar Kawu ce mai taya raino, ya rubuta yara biyu, ya yanke tiyoyin masarar da Baba zai riƙa bayarwa duk wata. Aka shafa fatiha. Ni ma na shafa, ban san me nake shafawa ba.

Abin haushi, ni ake aika karɓo masarar. Ranar kasuwar Sheme in iske Baba a layin hatsi, ya ce da mai awo, "Auna na yara biyu." In an gama sai ya juya yana kallon motocin da ake lodi, ya cusa hannu a buhu ya watso ƙari sau biyu ko uku, kamar hannun ba nasa ba ne. Gyara ce irin ta kasuwa? Rabona ne? Wata rana na daure na ce:

"Baba, ni ina cikin takardar liman?"

"Tahi, rana na yi," in ji shi.

A gida na tambayi Inna, tana tsince ƙasa a masarar. Ba ta ɗago ba. "Ke, matsa, kin tare mani haske."

To ni wa ke ci da ni? Uba ya biya na biyu, uwa ba ta da ko sisi, Kawu bai ɗauki alkawari ba. Amma kullum kwanona na nan da malmala cikinsa, ba ta fi ta kowa ƙanƙanta ba. Nakan ci da sauri kamar wadda ta sato. Na ji haushin Inna ƙwarai, har nakan ƙi amsa "ke" ɗin sai ta maimaita sau uku. Kunyar me, da za ta hana uwa ƙirga ɗiyarta?

A shekarar ne Inna ta kama azumin Litinin da Alhamis, har da kwana uku na tsakiyar wata. Matan unguwa suka yi ta yabo, wai mutuwar aure ta mayar da ita ga Allah. Ni na ɗauka roƙo take Baba ya mayar da ita, na ƙara jin haushi. Da almuru ta sha kunu rabin kofi, ta ce azumi ya rufe mata ciki.

Bayan shekara biyu na ci jarrabawa, aka kai ni makarantar kwana. Hutun farko na dawo ranar Litinin da hantsi, ba wanda ya san zan iso. Na yi sallama na shiga. Ga Inna zaune bakin murhu da kwanon ɗumame, tana ci hankali kwance, har da suɗe yatsa.

"Inna, yau ba Litinin ba?"

"Mi ya sha maki kai?" Ta tura mini kwanon da bayan hannu, tana kallon wani wuri.

Ƙanena ne ya ce ai tun satin da na tafi ta bar azumin. Na yi ta juya maganar a raina, na ce ƙila ta gaji, ƙila ta fid da rai da Baba. Har yau in na tuna zauren nan ban san wa zan yi fushi da shi ba.

Ranar Alhamis, kwanana uku da dawowa, Inna ta tashi da azumi.