Satin da na ba da ajiya

A lokacin ni mai kiwon raguna ne a wani ƙauye arewa da Takanamat. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, doguwar magana ma ban iya ba. Mu mutanen ƙauyen mun haɗa hannu mun gina ɗaki guda a Tawa, kusa da kasuwar bisashe, don mu huta da kwana a tasha. Aka raba shekara sati-sati, kowa da nasa. Nawa biyu suka faɗo tsakiyar damina, lokacin da ba mai barin gona.

Makullin yana hannun wani dattijo ɗan garinmu mazaunin Tawa. Shi ya kawo dabarar musaya: in ba ka bukatar satinka sai ka ajiye shi wurinsa ya ba mai so, ranar da taka bukatar ta taso ya nemo maka na wani. Abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Na ajiye nawa duka biyu, na karɓi ɗaya gab da Sallar layya, na sayar da raguna hankali kwance. Na koma gida ina yi wa waɗanda suka ƙi musaya dariya, ina ce musu sun rungume ɗaki kamar amarya. Ɗaya satin na bar shi a ajiya.

Da damina ta kankama, cikin matata ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura. Na kai ta Tawa. Ungozomar gidan likita ta ce kada a mai da ita ƙauye, a zauna kusa har ta sauka. Kuma satin nan nawa ne na asali. Na tafi da ita wurin dattijon, muka same shi ƙofar ɗakin namu, ya ce ai ya riga ya ba wani, mutumin ya kwantar da mahaifinsa a ciki, shanyayye. Na ce to ya ba ni ajiyata. Ya ce haba ɗana, sati ba hatsi ba ne da za a ɗebo a rumbu, sai wani ya saki nasa. Wanda aka ba ɗakin ya fito, ya ce ga rumfa nan ƙofar ɗaki, a kewaye mata da zana. Na ce iyalina ba za ta kwanta inda maza ke gilmawa ba, ni da na aza bulo a ginin nan. Matata ta ja mini riga, ta ce maigida ita rumfar ta ishe ta. Na ce ta yi shiru. Dattijon ya ce in haƙura, bayan kasuwa mai zuwa ɗaki zai samu.

Muka koma gida. Naƙuda ba ta jira kasuwa ba. Ta taso bayan ruwa mai yawa, muka ɗora ta a amalanke, muka tarar koramar da ke tsakaninmu da hanyar mota ta cika baki da baki. Nan muka tsaya. Matan da suka rako mu suka yi mata labule da zannuwansu. Tana ta tambaya ko ruwan ya fara janyewa, ina cewa ya fara. Bai janye ba sai da ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Bayan kwana bakwai dattijon ya aiko da ta'aziyya, haɗe da saƙon cewa ɗaki ya samu. Ban je ba. Har yau in hadari ya haɗu nakan ji tambayar nan tata, in ji bakina yana ba ta amsa.

Ajali na Allah ne, na sani. Musaya kuma ba laifi ba ce, na ci moriyarta. Amma abin da ka saki ya zama na wani, abin da aka ce ka ajiye kuwa alkawari ne kawai, sai an samu. Masu irin wannan haɗin gwiwa, kada ku saki rabonku duka don kwaɗayin lokacin ciniki. In kuma bukata ta kai ku ƙofar da kuka saki aka nuna muku rumfa, ku sunkuyar da kai ku shiga.